Gwaggon Biri Ma Yana Da Asali, Kada Mu Bari Tarihinsa Ya Ɓace

Duk wanda ya tsaya a Titin Ibrahim Taiwo, tsakanin Kantin Kwari da Sabon Gari, ya tambayi mutum goma abin da suka sani game da gwaggon biri, amsa biyu zai samu. Wanda ya tashi a ƙauye zai ce ɓarawon masara ne. Wanda ya tashi a birni kuwa zai ce abin dariya ne, wanda gardawa suke ja da sarƙa domin su tara 'yan kallo su sayar da magani. Ko a watan Yuni na 2019, sa'ad da kuɗin shiga gidan zu na Kano kusan Naira miliyan 7 suka yi ɓatan dabo, labarin da ya zaga duniya shi ne wai gwaggon biri ne ya haɗiye su, har gwamnatin jiha ta sa a yi bincike. Wato ko laifin da bai ji ba bai gani ba, a kansa ake ɗorawa.

Wanda nake magana a kansa shi ne birin nan mai dogon baki kamar na kare, wanda wasu ke kira bika, wanda duk wanda ya taɓa zuwa Yankari ya gan shi yana yawo a kusa da ɗakunan baƙi. Ra'ayina, 'yan'uwa, shi ne wannan dabba tana ɗauke da wani tsohon tarihi na ƙasarmu a cikin jikinta. Masana a wasu ƙasashe sun riga sun koyi yadda ake karanta irin wannan tarihi, mu kuwa muna gab da rasa namu tun ba a karanta shi ba. Bari in bayyana dalilina.

Rubutun da ke cikin jiki

A cikin kusan kowace ƙwayar jikin mai rai, ko mutum, ko dabba, ko tsiro, akwai wani siririn zare da ido ba ya gani, wanda masana ke kira DNA. Shi ne ke ɗauke da gado, shi ne ya sa ɗa yake kama da ubansa, ya sa kuma gero ba ya haifar dawa. Kamar rubutu yake, mai haruffa huɗu kawai, amma dogo ƙwarai. A duk lokacin da aka haihu ana kwafe wannan rubutu, kuma jefi-jefi harafi ɗaya yakan canza, kamar yadda mai kwafar littafi da hannu yakan tsallake wasali. Zuriyar da ta biyo baya sai ta gāji wannan canji. Saboda haka idan aka ɗora rubutun dabba biyu gefe da gefe, ana iya gane ko danginsu na kusa ne ko na nesa. Akwai kuma wani ɗan yanki na wannan rubutu wanda ta wurin uwa kaɗai ake gādonsa. Da shi ake bin salsalar uwa, daga 'ya zuwa uwa zuwa kaka, har can baya.

Abin mamaki shi ne rubutun ba ya gogewa nan take bayan mutuwa. Yakan kakkarye, amma gutsattsarinsa sukan daɗe a cikin haƙori, da ƙashi, da busasshiyar fata. A shekarar 1984 masana a Jami'ar Kaliforniya ta Berkeley a Amurka suka fara karanta irin wannan tsohon rubutu, daga fatar wani irin jakin dawa na Afirka ta Kudu wanda na ƙarshensa ya mutu a 1883. Daga nan aikin ya yi ta ci gaba, har a 2022 aka ba Svante Pääbo, mutumin Suwidin, lambar yabo ta Nobel saboda shi. Zafi da damshi su ne manyan maƙiyan wannan rubutu, shi ya sa aikin ya fi wuya a Afirka. Duk da haka a 2020 an karanta na wasu yara da aka binne a Shum Laka kusa da Bamenda a Kamaru, wasunsu tun wajen shekara 8,000 da suka wuce. Nan kusa da mu ne.

Birin da ya tona asirin wata ɓatacciyar ƙasa

Masu karatun Littafi Mai Tsarki sun san cewa Masarawa na dā sukan shafe gawa da magunguna su naɗe ta domin kada ta ruɓe. Haka aka yi wa gawar Yakubu da ta Yusufu, kamar yadda sura ta 50 ta Littafin Farawa ta nuna. To, ba mutane kaɗai suke yi wa haka ba, har da gwaggon biri, gama sun ɗauke shi alamar wani gunkinsu mai suna Tot, wanda suke cewa shi ne mai rubutu da hikima. Amma Masar ba ƙasar gwaggon biri ba ce. Daga waje ake kawo musu shi. Daga ina?

A jikin bangon haikalin sarauniya Hatshepsut kusa da Luksor, wanda aka gina wajen shekara 1,470 kafin haihuwar Almasihu, an zana jiragen ruwa suna komowa daga wata ƙasa mai suna Punt, ɗauke da lubban, da mur, da hauren giwa, ga kuma birai a zaune a kan kaya. Masana tarihi sun yi fiye da shekara 100 suna gardama a kan inda Punt take. Wasu suka ce Somaliya, wasu suka ce Yaman, wasu Sudan. Rubuce-rubucen Masarawa ba su raba gardamar ba.

A 2020 wani malamin jami'a a Amurka mai suna Nathaniel Dominy, da abokan aikinsa, suka gwada wata dabara. Ruwan da dabba ta sha da ƙasar da abincinta ya tsira a kai sukan bar alama a haƙoranta da gashinta. Suka auna wannan alama a jikin birai 155 daga wurare 77, suka gwada da naɗaɗɗun gawawwakin biran Masar da ke ajiye a babban gidan tarihi na Landan. Sai suka ga ɗaya daga cikinsu an haife shi ne a yankin da ya haɗa Iritiriya, da Habasha, da Jibuti, da wani ɓangare na Somaliya da Yaman. An rage faɗin wurin nema, amma da saura.

A 2023 kuma Gisela Kopp ta Jami'ar Konstanz a Jamus, da abokan aikinta, suka karanta salsalar uwa ta wani biri da aka tono a 1905 a wani kwari kusa da Luksor, wanda Larabawa ke kira Gabbanat el-Qurud, wato maƙabartar birai. Gawar tana ajiye a gidan tarihi na birnin Liyon a Faransa, kuma an ƙiyasta birin ya rayu tsakanin shekara 800 da 540 kafin haihuwar Almasihu. Danginsa na kusa ta wajen uwa sai aka same su a Iritiriya da kewayenta, yankin da tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Adulis take a bakin Bahar Maliya, kudu da Massawa ta yau. Girkawa da Romawa sun san Adulis da fataucin hauren giwa da dabbobi masu rai. Masu binciken suka ba da shawara cewa mai yiwuwa Punt da Adulis yanki ɗaya ne da aka sani da suna biyu a zamani biyu. Shawara ce, ba hukunci ba, amma dubi inda gawar biri ɗaya ta kai maganar da ta gagari manyan malamai.

Mai karatu zai tuna cewa Littafin Sarakuna na Ɗaya, sura 10 aya 22, ya ambaci birai a cikin kayan da jiragen Sarki Sulemanu suke kawowa sau ɗaya a shekara uku, tare da zinariya, da azurfa, da hauren giwa. Sura ta 9 kuma ta nuna yana da jirage a Eziyon-geber a bakin Bahar Maliya. Binciken da na ambata bai ce daga Iritiriya biran Sulemanu suka fito ba, kada wani ya hau bagade ya faɗi abin da masana ba su faɗa ba. Abin da ya nuna shi ne fataucin birai ta wannan teku abu ne da aka yi da gaske, kafin zamanin Sulemanu da kuma bayansa.

Mene ne ruwan Kano da wannan?

Mutumin Fagge bai kamata ya ji labarin Adulis kamar baƙon abu ba. Fagge ita ma zango ce. A nan ayarin Buzaye da fataken Larabawa suke sauka a bayan ganuwa, su sauke gishiri su ɗauki turkuɗi da fatu, tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano. Da yawa daga cikin waɗannan ayari daga Azbin suke gangarowa, wato duwatsun da ke arewacin Agadas. A cikin kwazazzaban waɗannan duwatsu, a tsakiyar hamada, masu bincike sun tarar da 'yan tsirarun gwaggon birai irin namu, ga rairayi ya raba su da sauran danginsu. Ta yaya suka je can? Biri ba ya ratsa hamada. Amsar ita ce akwai lokacin da hamadar ba hamada ba ce. Tsakanin shekara 11,000 da 5,000 da suka wuce, Sahara tana da ciyawa da tafkuna. Zanen raƙuman dawa da aka sassaƙa a jikin dutse a Dabous, arewa da Agadas, shaida ne. Kwalekwalen nan da aka gano a Dufuna a Jihar Yobe a 1987, wanda ya kai wajen shekara 8,000, shi ma shaida ne. Da ƙasa ta bushe, sai biran Azbin suka maƙale a inda ruwa ya rage. Rubutun da ke jikinsu da na biran Falgore da Yankari, in an gwada su, zai iya nuna yaushe hanya ta yanke tsakaninsu, wato yaushe arewa ta bushe. Wannan ba tarihin biri kaɗai ba ne. Tarihin ruwan sama ne, da na ƙasar da kakanninmu suka zauna a kai.

Masana sun kasa gwaggon biri kashi shida. Akwai na Gini a can yamma wajen Senegal. Akwai mai farin geza na Habasha, da Iritiriya, da kudancin ƙasar Larabawa, wanda Masarawa suka fi girmamawa. Akwai iri uku a gabashi da kudancin Afirka. Sa'an nan akwai namu, mai launin toka da kore-kore, wanda ya fi kowane yaɗuwa, daga Mali har Habasha da Tanzaniya. Bisa ga lissafin masana, waɗannan iri sun fara rabuwa fiye da shekara miliyan ɗaya da suka wuce, amma ba su daina auratayya ba. A kwarin Awash na Habasha, inda namu ya yi iyaka da mai farin geza, suna haihuwa da juna, 'ya'yan kuma su ma suna haihuwa.

A 2009 Dietmar Zinner na cibiyar nazarin birai da ke Göttingen a Jamus, da abokan aikinsa, suka bi salsalar uwa ta birai daga sassa da yawa na Afirka, har da Nijeriya. Abin da suka gani ya ba su mamaki. Biri irin namu, ko da yake kamanninsa ɗaya ne daga yamma zuwa gabas, ba uwa ɗaya ta haife shi ba. Na yamma sun fi kusa da na Gini ta wajen uwa, na gabas sun fi kusa da mai farin geza. A cikin Nijeriya ma an sami salsala fiye da ɗaya.

Dalilin yana cikin al'adar birin. A wurinmu amarya ce take barin gidan ubanta ta tare a gidan miji. A wurin gwaggon biri irin namu, namiji ne yake barin garken da aka haife shi idan ya balaga, ya je ya shiga wani garke. Mace kuwa inda aka haife ta nan take tsufa, tare da uwarta da 'yan'uwanta mata. Saboda haka maza sukan yaɗa kamanninsu ko'ina, amma salsalar uwa tana nan daram a dajinta, tsara bayan tsara. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan magana, gama a kanta dukan hujjata take tsaye.

A 2023 aka wallafa babban binciken da aka karanta cikakken rubutun gādo na birai 225 daga wurare 19. A yammacin Tanzaniya har an sami biran da suka gāji jini daga iri uku. Amma mafi yawan wuraren nan 19 a Tanzaniya suke, sauran a ƙasashe irin su Zambiya, da Habasha, da Senegal. Dubi taswira ka ga faɗin ƙasar da ke tsakanin Senegal da Habasha. Mu ne a tsakiyarta. Babin da ya shafe mu a wannan littafi, har yanzu shafukansa da yawa farare ne.

Abin da muke gab da rasawa

Wani zai ce, ai gwaggon biri bai ƙare ba, ga shi nan birjik a Yankari yana ƙwace wa baƙi burodi a bakin ruwan Wikki. Gaskiya ne. Irin namu ba ya cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu a duniya. Amma tun da mace ba ta barin dajinta, kowane daji yana riƙe da nasa shafi. Idan aka share garken wani daji, ko da akwai dubbai a wani wuri, wannan shafi ya yage ke nan. Kamar a ƙone littafin baftisma na wata majami'a ne, a ce ba kome tun da sauran majami'u suna da nasu. Sunayen da ke cikin wancan ba sa cikin waɗannan.

Dazuzzukanmu kuwa kowa ya san halin da suke ciki. Dajin Falgore da ke kudancin Jihar Kano, a hanyar Jos, wanda dā ake kira Kogin Kano, ya sha fama da masu saran itace, da masu yin gawayi, da ɓarayin shanu. Dajin Kamuku na Birnin Gwari ya daɗe a hannun 'yan bindiga. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta sanar da ƙarin gandun daji guda 10 da za ta riƙe a matsayin na ƙasa, Falgore na ciki, da Kogo na Jihar Katsina, da Pandam na Jihar Filato. Sanarwa tana da kyau. Amma sanarwa ba ta tsare daji. Ma'aikaci mai albashi, da takalmi, da babur, shi ne yake tsarewa.

Akwai wani darasi kuma a labarin birin Liyon. Da me aka gwada shi har aka gane asalinsa? Da biran da ke raye a yau, da kuma tsofaffin fatu da ƙoƙunan kai waɗanda matafiya suka tara tun ƙarni na 19, suka rubuta inda aka samo kowanne, aka ajiye a gidajen tarihi na Turai. Waɗanda suka rubuta waɗannan 'yan takardu ba su taɓa jin sunan DNA ba. Sun dai ajiye abu da kyau, sun rubuta wuri da shekara. Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an sami wanda ya adana zumar tukuna. Mu wace zuma muke ajiye wa jikokinmu?

Maganar manomi

Ba zan rufe ido ga kukan manomi ba. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi a Tudun Wada, da Doguwa, da Sumaila, gonakinsu suna bakin daji. Garken birai yana iya lalata aikin damina guda a yini ɗaya, kuma abin da suke karyawa su yar ya fi abin da suke ci. Yaron da ya kamata ya kasance a aji yakan wuni a kan dakali yana buga gwangwani. An ce ko biri ya karye ya hau rumbu. Wanda ke zaune a Sabon Gari yana sayen garin masara a kwano ba shi da bakin yi wa wannan manomi wa'azin son dabbobi.

A gandun dajin Gashaka-Gumti da ke Taraba da Adamawa, inda aka soma aikin nazarin birai a 2000, masana sun bi garke biyu shekara da shekaru. Ɗaya yana cikin kurmi a Kwano, ɗaya kuma, garken Gamgam, yana kusa da gonakin mutane yana shiga cikinsu. Suka tarar matan garken da ke cin amfanin gona sun fi saurin sake haihuwa, 'ya'yansu kuma sun fi rayuwa. Ma'anar wannan a fili take. Muddin ana cin daji ana shuka masara har bakin abin da ya rage, muna kiwon ɓarawon da kanmu ne. Zuba guba ba magani ba ne, gama gubar da ta kashe biri takan kashe ungulu, da karen maƙwabci, ta kuma gangara rafin da yara ke sha. Abin da ya dace shi ne a bar wa daji iyakarsa, a bar rata tsakaninsa da gonakin hatsi, a shuka abin da biri bai cika so ba kamar barkono a bakin iyaka, manoma su yi gadi da karɓa-karɓa maimakon a hana yara makaranta, hukuma kuma ta saurari wanda aka yi wa ɓarna. Tsaron daji da ya mance da manomi ba zai ɗore ba.

Maganar bangaskiya

Na san wasu 'yan'uwa da zarar sun ji an haɗa biri da binciken asali sai gabansu ya faɗi, su ce ga masu cewa biri ne kakanmu sun dawo. Biri ya yi kama da mutum, haka ne, amma babu masanin da ya ce gwaggon biri ne ya haifi mutum. Binciken da na kawo a nan maganar dangantakar birai ce a tsakaninsu, wane garke ya rabu da wane, ta wace hanya suka bi, a ina suka sake gamuwa. Makiyayi ya san farar saniya da jar saniya da muturu duk shanu ne, ya kuma san abin da ke fitowa idan aka haɗa su. Wannan bai taɓa girgiza bangaskiyar kowa ba. Masu bi sun daɗe suna da bambancin fahimta game da tsawon kwanakin halitta da shekarun duniya, kuma ba a wannan shafi za a raba gardamar ba. Amma bai kamata mu ƙi sauraron abin da aka auna ba domin tsoron inda zai kai mu. Gaskiya ba ta tsoron ma'auni.

Mu tuna cewa wanda ya fara gano ƙa'idodin gādo, Gregor Mendel, malamin ikkilisiya ne, wanda ya yi gwajinsa da wake a lambun gidan sufaye, ya wallafa a 1866. Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta rubutun gādo na ɗan Adam da aka kammala a 2003, mai bi ne da ba ya ɓoye bangaskiyarsa. Sulemanu kansa, bisa ga sura ta 4 ta Sarakuna na Ɗaya, hikimarsa ta haɗa da sanin itatuwa, da dabbobi, da tsuntsaye, da kifaye. Aikin farko da aka ba Adamu kuwa shi ne noman gonar da kiyaye ta, da raɗa wa dabbobi suna. Wanda aka ba ajiya, ai za a tambaye shi.

Akwai kuma gargaɗi a labarin Masar. A 2023 wasu masana ƙarƙashin Wim Van Neer na Beljiyam suka duba ƙasusuwan birai 36 daga wannan maƙabarta ta Luksor, a cikinsu har da irin namu. Huɗu kawai suka tarar da lafiyayyun ƙasusuwa. Sauran duk sun tanƙware, alamar rashin abinci mai kyau da rashin hasken rana. Mutanen da suke yi wa biri sujada su ne suka kulle shi a ɗaki har ya nakasa. Mu ba mu yi masa sujada, kuma daidai ne. Amma sarƙar da ke ƙugunsa a bakin kasuwa, da 'ya'yan da ake rabawa da iyayensu a daji domin a sayar, su ma za su bar alama a ƙashi. Littafin Karin Magana, sura 12 aya 10, ya auna adalcin mutum da yadda yake kula da ran dabbarsa.

Abin da za mu iya yi

Wani kuma zai ce, mutane suna fama da tsadar abinci da rashin tsaro, kai kana maganar biri. Amsata ita ce abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne, kuma dajin da ke riƙe da biri shi ne yake riƙe da ruwan da ke gangarowa madatsar Tiga, wanda manoman rani na Kadawa da Kura suke dogara da shi.

Na farko, jami'o'inmu. Ba sai an kama biri ko an kashe shi ba kafin a karanta salsalarsa. Kashinsa ma ya isa, da shi aka yi yawancin binciken 2009. Ɗalibi daga Jami'ar Bayero, ko ta Ahmadu Bello, ko ta Jos, ko ta Abubakar Tafawa Balewa da ke ƙofar Yankari, yana iya tattara shi a 'yan kwalabe ya rubuta wuri da rana. Injin karantawa kuwa akwai shi a ƙasar nan. Cibiyar da Farfesa Christian Happi ya jagoranta a Jami'ar Redeemer's da ke Ede, jami'ar da ikkilisiya ta kafa, ita ce ta fara karanta rubutun ƙwayar cutar korona a Afirka a watan Maris na 2020. Ƙasar da ta iya wannan ba ta da hujjar jiran baƙi su zo su gaya mata asalin dabbobinta.

Na biyu, ajiya. Tsofaffin maharba da ma'aikatan daji suna da fatu da ƙoƙunan kai a rataye tun zamanin iyayensu, daga dazuzzukan da yau sun zama gonaki ko unguwanni. Kada a zubar da su. A kai su sashen nazarin dabbobi na jami'a mafi kusa, tare da sunan dajin da shekarar, gwargwadon yadda aka tuna. Ba ina cewa a je a harbo sababbi ba. Abin da ya riga ya kasance nake nufi.

Na uku, gwamnati. Jihar Kano da gwamnatin tarayya su cika maganar da aka yi a kan Falgore da ma'aikata da kayan aiki, su kuma sa mutanen ƙauyukan da ke kewaye a cikin shawara.

Na huɗu, mu kanmu. Shugabannin matasa da malaman makarantar Lahadi da suke kai yara Yankari ko gidan zu na Audu Bako, su koya musu kada su miƙa wa biri abinci, kada kuma su jefe shi, su tsaya su lura da yadda garke yake, wace ce uwa, wane ne baƙo. Idan muka ga an ɗaure ɗan biri ana neman mai saye, mu wuce, gama kowane ciniki yana aika wani ya koma daji. Iyaye kuma, idan yaro ya ce yana son karatun dabbobi da tsirrai, kada a ce masa sai likita ko lauya. A cikin yaran da suke rera waƙa a majami'unmu na Sabon Gari da na karkara, akwai wanda zai iya cike fararen shafukan nan.

Masarawa sun naɗe gawar biri domin gunki, ba su san suna ajiye wa masu zuwa shaida ba. Mu da muka sani, ba mu da uzuri. Allah ya ba mu hikimar riƙon abin da ya danƙa a hannunmu. Amin.